Kyautar Mai Kemis Ta Ƙi Zama a Kwamfutata

Masu karatu, sannunku da haƙurin jira. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce in ba na son Mai Kemis in tura mata lambarsa. 'Yar'uwa, ja kujera ki ji abin da ya faru tukuna, sai ki yanke wa kanki hukunci ko lambar nan za ta fita daga wayata.

Wanda yau ya fara shigowa, bari in kamo hannunsa. Ni ce auta a gidanmu, aikina kuma zana ɗakuna a kwamfuta ga wani kamfanin masu kayan ɗaki. Mutum zai zo ya ce ga irin kicin ɗin da yake so, in zana masa, in fitar da hoton kamar an riga an gama, ya ga launin durowa da inda haske zai faɗo tun kafinta bai taɓa katako ba. Mai Kemis kuwa shi ne mutumin da ya daɗe yana zuwa wurina. Dogo ne, marar hayaniya, yana da kantin magani a bakin babban titi. Baba ya riga ya ce zirga-zirgar ta isa haka, in faɗa masa matsayata kafin wata ya ƙare.

Kwamfutata ba irin ta ɗorawa a cinya ba ce. Babban akwati ne baƙi mai gilashi a gefe, yana zaune a ƙarƙashin teburina a lungun ɗaki, kuma ni na haɗa shi da hannuna. Gwaggo, yayar Baba da take zaune da mu tun rasuwar mijinta, firjin Auta take kiran sa, wai ƙugi kawai ya iya, ko ruwan sanyi bai taɓa ba ta ba.

Ku yi min haƙuri in ɗan shiga harkar, don in ba ku gane ta ba, ba za ku gane kukan da na yi ba. Ƙwaƙwalwar injin ita ce furosesa, kuma kamfani yakan saita mata gudun da ya san ba za ta wahala ba. Mu masu ƙarambani sai mu shiga mu riƙa ƙara gudun da kaɗan-kaɗan, mu ƙara wuta daidai gwargwado, mu ɗora babbar fanka don kada zafi ya yi yawa, har mu gano iyakar abin da za ta ɗauka ba ta faɗi ba. Shi ake ce wa obakulok. Na yi wa tawa, ta kuma karɓa da hannu biyu. Hoton da a da sai in ɗora shi in je in gama wanke-wanke in dawo in tarar bai fito ba, ya koma kafin shayina ya huce an gama.

Abin da ya rage min shi ne ram. Wasu siraran sanduna ne kamar guntuwar rula, ana soka su a gurbinsu a cikin injin, kuma a kansu furosesa take baza abin da take aiki da shi a lokacin. Nawa sun tsufa, sun kuma yi wa aikina kaɗan. Na daɗe ina zaɓe kamar mai zaɓen miji, in ji Gwaggo. Guda biyu manya nake so, ba huɗu ba, domin furosesar ce da kanta take kula da su, kuma wadda aka riga aka ƙure wa gudu, in ka ba ta huɗu ka ƙara mata kaya. Su zo a kwali ɗaya, saboda 'yan kwali ɗaya tare aka gwada su a masana'anta. Kada ƙatuwar lambar gudun da ake rubutawa a gaba ta ruɗe ni, sai na duba ƙananan lambobin gefe masu nuna jinkirin amsawa. Sannan su zama gajeru, don fankata ta yi rumfa a kan gurbin farko.

Duk wannan a raina yake. Abin da kawai ya fita bakina shi ne wata rana muna waya ya tambaye ni me nake yi, na ce ram nake nema. Ya ce mene ne ram, na yi masa bayani a gurguje. Ya ce to. Na manta cewa to ɗin mutumin nan ba ta faɗuwa ƙasa banza.

Ranar Asabar da la'asar ya zo. Na sa doguwar rigata ruwan toka mai aikin zare a wuya, na yafa mayafi ruwan hoda, na ɗauki farantin lemo da biskit na yi falo. Yana zaune a kujerar da ya saba, wadda Umma ta lulluɓe hannuwanta da saƙar ulu, cikin farar riga da ya naɗe hannunta zuwa gwiwar hannu, biro biyu a aljihu kamar kullum. Bayan mun gaisa ya jawo wata leda daga gefen ƙafarsa ya ajiye a kan tebur, yana wani kallon silin kamar ba shi ya kawo ba.

Kwali biyu ne. Kowanne da sanda biyu a ciki, farare sol, dogaye, da layin fitila a samansu. Ina ganinsu na san an samu matsala. Huɗu, kwali daban-daban, ga tsawo. Duk abin da na yi ta gudu, ya haɗo min shi a leda ɗaya, ya ɗaura masa kintinkiri.

"Mai shagon ya ce na kwali ɗaya mai huɗu ya ƙare," in ji shi. "Amma na tsaya na karanta kwalayen nan harafi bayan harafi. Suna ɗaya, girma ɗaya, kamfani ɗaya. Ba bambanci ko na ɗigo."

Na ɗago na kalle shi. Wallahi fuskarsa kamar ta yaron da ya yi na ɗaya yana jiran a duba sakamakonsa. Labulen ƙofar ciki kuma yana motsi, ga yatsun ƙafar Gwaggo na leƙowa ta ƙasa. Na yi yaƙe, na ce Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi. Ya ce amin, ya sha lemonsa har ƙasan kofi, abin da bai taɓa yi ba.

Yana fita Gwaggo ta faɗo falon ta karɓe kwalayen tana jujjuyawa. Da na ce mata ai ba za su yi min ba, sai ta ajiye su a hankali ta zauna, na san kuma wa'azi ya zo. Ta tuna min da na farko, wani ma'aikacin banki da ya taɓa nema na. Ya zo da kwamfutarsa ta cinya tare da abokinsa, yana ta bayanin wai wata muguwar cuta ce ta shige ta, ni kuwa na juya ta na nuna masa ƙura ce ta toshe mata hanyar iska, na hure ta tashi. Na yi dariya, abokin ya yi dariya, shi bai yi ba, kuma ƙafarsa ba ta sake taka gidanmu ba. Har yau ban ga laifina ba, amma a gidanmu an riga an rubuta cewa bakina ne ya kore shi.

"Baki shi ke yanka wuya, Auta," in ji Gwaggo. "Namiji ya zagaya kasuwa ya kawo miki abu, ki ce bai iya saye ba? Ki zura su a firjin naki, ki kunna fitilun, ki ɗauki hoto ki tura masa. Me zai ragu a jikinki?"

Na kalli Umma ina neman ceto. Tana ninke kayan wanki, ba ta ɗago ba, ta ce in gwada dai, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Washegari da safe na shimfiɗa tsohon zani a kan tebur, na kwantar da injin, na kwance gilashin. Sai da na ɗaga fankar sama kafin sandar farko ta shiga, gilashin ma da ƙyar ya koma. Na danna maɓalli. Fankoki suka juya, allo ya tsaya baƙi ƙirin, injin ya mutu, ya sake tashi da kansa, ya sake mutuwa. Na cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo don komai ya koma yadda kamfani ya saita, na mayar, na kunna. Ya tashi. Fitilun suka kama, ja ya bi kore, kore ya bi shuɗi, har bangon ɗakina ya ɗauka. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa tana tafa hannu, wai yau firji ya yi kwalliya.

Na mayar da guduna na da, na ɗora manhajar gwaji. Ba a jima ba jan layi ya fito a allo, wani ya biyo shi, wani ya biyo. Na rage kaɗan, na ƙara wuta kaɗan, na sauya musu gurbi, na sake gwadawa. Jan layin nan ya ƙi barina. Kuma masu karatu, ba a wasa da shi. Ram mai kuskure ba lallai ya kashe maka inji ka san inda kake ba. A ɓoye yake ɓarna: ka adana zanen mutane yau lafiya lau, gobe ka zo buɗewa ya ce bai san ka ba.

Hanya ɗaya ta rage in dai sandunan nan huɗu za su zauna: in sauke furosesar ta koma gudun kamfani, su ma in rage musu nasu. Aikin da na yi watanni ina lallaɓawa, in warware shi da hannuna. Na daɗe ina kallon allon, sannan na warware. Jan layi ya ɓace. Na ɗauki hoton fitilun na tura masa.

Nan da nan ya amso: "Masha Allah, sun yi kyau. Suna aiki yadda kike so?"

Na rubuta "Gaskiya dai", na goge. Na rubuta "Akwai 'yar matsala", na goge. Ƙarshe hoton fure na tura masa, na kife wayar a kan gado.

Haka na yi kwanaki ina aiki da inji mai kwalliya da sanyin jiki. In ɗora hoto, in zauna in zuba tagumi, in gaji in tashi in nemi abin yi. Ran nan ina tsaye a kicin ina cuɗa tukunya da rana tsaka, sai kawai hawaye ya zubo min. Ba don injin ba. Tsoro ne ya kama ni. Ina son mutumin nan, yau na faɗa muku ba kwana-kwana, ina son sa. Amma na hango kaina a gidansa shekara da shekaru ina haɗiye abin da na sani don kada ransa ya sosu, ina tura fure a inda ya kamata in yi magana. In kuma na yi maganar, wa ya ba ni tabbacin ba zai bi sawun na farko ba? Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Ban ji shigowar Umma ba. Ta tsaya a gefena ta ɗauki murfin tukunyar tana ɗaurayewa, ta ce ta ga na koma wanke-wanken rana, ko firjin ne ba lafiya. Na gaya mata komai. Ta ajiye murfin, ta goge hannunta da tawul.

"Gwaggonki tana son ki ne, shi ya sa take tsoro," ta ce. "Amma mutumin da za ki zauna da shi, gara ya ji muryarki tun yana da hanyar komawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Da ya sake zuwa, ban ɗauki farantin lemo ba. Kwalayen na ɗauka, sandunan a ciki, na goge su tas na mayar yadda suka zo. Baƙar doguwar riga na sa ranar, ko hoda ban shafa ba, don na ce in kuka ne zai biyo baya kada a yi asarar kwalliya. Na ajiye su a gabansa, na zauna, na faɗa masa tun daga baƙin allo har jan layi, har saukar da gudun da na yi. Ban sa dariya ba, ban kuma rage komai ba.

Sai ya ciro tabarau daga aljihu ya sa, ya ɗauki kwalayen ya jera su gefe da gefe.

"A wurinmu," ya ce a hankali, "in suna ɗaya ne, ƙarfi ɗaya, kamfani ɗaya, to magani ɗaya ne. Ko daga wane kwali na ɗauko, zan ba mutum hankalina kwance."

"A wurinmu kama da wane ba ta wane," na ce. "Kamfani yakan sauya 'yan ƙwayoyin da ke ciki, ya bar sunan yadda yake. Kowane kwali lafiyarsa ƙalau shi kaɗai. Haɗa su ne ba a gwada ba."

Ya juya kwalayen ta baya, ya kai yatsa kan wata 'yar farar takarda da ke manne a ƙasa, ya duba wannan, ya duba wancan. Sai na ga ya gyaɗa kai. Ya ce ga shi nan kuwa, ba zubi ɗaya ba ne, tsakaninsu ma da nisa. Wai kullum sai ya duba wannan lambar a jikin magani, amma don ya san ranar lalacewa ne, bai taɓa kawowa za ta yi magana a nan ba. Ni da nake jiran fushi, sai ga mutum yana karatu a gabana. Ya tambayi dalilin da biyu suka fi huɗu, na faɗa. Ya tambayi ƙananan lambobin gefe, na faɗa. In bai gane ba sai ya ce in maimaita, ba ya gyaɗa kan ƙarya.

Sannan ya cire tabarau ya dube ni, ya tambaya tun yaushe nake aiki da injin a haka. Na ce tun ranar hoton. Ya ce me ya hana ni faɗa. Na ce kunya.

"Cikin masu zuwa kantina," ya ce, "ba wanda yake ba ni tsoro kamar wanda magani bai karɓe shi ba, in tambaye shi ya ce min da sauƙi don kada in ji ba daɗi. Kada ki sake yi min haka, Injiniya. Gobe ki shirya mu je ki zaɓa da kanki."

Masu karatu, ban san lokacin da na ce to ba. Bayan labule kuwa na ji Gwaggo ta sauke wata ajiyar zuciya da ta kusa ɗaga shi.

Baba ya ce sai dai mu tafi da Gwaggo, ita kuwa dama ta riga ta sa takalmi. Shagon yana saman bene a wata kasuwar kayan waya da kwamfuta, ɗan siriri, kwalaye har silin, ga warin sabuwar roba, ga wasu samari uku sun jingina da gilashin kanta suna jiran gyara. Mai shagon na ganin Mai Kemis ya washe baki, yallaɓai sama yallaɓai ƙasa, ya fara zaro masa wasu masu fitilar da ta fi ta farko. Ko kallon inda nake bai yi ba.

Mai Kemis ya ja da baya taku ɗaya, ya nuna ni da buɗaɗɗen hannu. "Ni direba ne yau. Ita za ka yi wa bayani."

Kun san wani abu? Na sha jin kalaman soyayya a waya, na sha karanta su, amma ban taɓa jin wanda ya shige ni kamar wannan ba. Na matsa gaban kanta na ce a fito min da masu sanda biyu a kwali ɗaya. Ya fito da kala uku. Na ture mai fitila gefe. Sauran biyun, ɗaya lambar gudunsa ta fi girma amma jinkirinsa da yawa, ɗayan gudunsa bai kai ba amma amsarsa a kusa take, kuma na san furosesata za ta riƙe shi ba sai na yi ta roƙonta ba. Na ciro tef ɗin ɗinkin Umma daga jaka na auna tsawonsa ta jikin robar kwalin. Zai wuce ƙarƙashin fankata har da saura. Baƙi ne, gajere, ba ado ko ɗaya. Na ce shi nake so.

Rigima ta tashi a kan mayar da na farkon, don mai shagon ya ce kwalin da aka buɗe ba ya dawowa. Kafin ɗayanmu ya yi magana Gwaggo ta gyara mayafi ta shiga gaba. Matar da ta yi mako tana koya min haɗiye magana, ita ce ta tsaya ta wanke bawan Allahn nan tas: shi da ya san kwali biyu ba sa haɗuwa, don me ya ce wa mutum ɗaya ne, ko don ya ga mai mutunci ne ba ya musu? Ba ta san ram ba, ba ta san furosesa ba, amma duk abin da ta jiyo ta bayan labule sai da ta juye masa. Ya karɓi kayansa ya ba mu namu.

Sai dai bai bari mun tafi salin-alin ba. Yana sa kwalin a leda ya ce, da murya yadda kowa zai ji, ai yallaɓai da tun farko ya zo da madam da bai sha wahala ba, tunda ga dukkan alamu ita ce mai gidan. Samarin nan suka kwashe da dariya. Mai Kemis ya yi murmushi, ya karɓi ledar, ya ce haka ne. Amma na ga yadda muƙamuƙinsa ya motsa. A mota har muka iso gida bai ce komai ba sai amsa hirar Gwaggo da e da a'a. Ya sauke mu, ya ce a gaida su Umma, ya ja.

Sandunan suka shiga gurbinsu ƙas, ƙas, kamar don injina aka yi su. Na mayar da fanka mazauninta, na mayar da guduna, har na samu na ɗan ƙara a kai. Na bar gwajin yana tafiya wuni guda, ban ga jan layi ko ɗaya ba. Aiki ya koma gudu fiye da da. Na ɗauki hoton allon na tura masa da dogon bayani da godiya.

"Madalla," ya amso. Shi ke nan.

Washegari na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Asabar ta zo, kujerarsa ba kowa. Gwaggo ba ta ce na gaya miki ba, wanda ya fi ciwo ta yi: ta riƙa kallona da tausayi tana ƙara min nama a faranti. Baba kuwa ya tambayi Umma, a gabana, ko yau nawa ga wata, alhali kalanda na rataye a saitin kansa. Na shiga ɗaki na zauna gaban injin da ya fi kowane lokaci lafiya, na ji ko kunna shi ba na son yi. Na ce shi ke nan, na biyu ma ya tafi. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ko a lokacin ban iya jin haushinsa ba. Mutumin da ya tsaya a gaban mutane ya ce ita za ka yi wa bayani, ko bai dawo ba ya riga ya yi min abin da ba wanda ya taɓa yi.

Yau da yamma ina zaune a bakin gado, Gwaggo na gefena tana tsefe min kai, wayata ta yi ƙara. Hoto ne daga wurinsa. Wani ɗaki ne ba komai a ciki, sabon fenti ruwan madara, an fasa bango ta ƙasa, wayoyin wuta sun leƙo, an yi alama da alli a ƙarƙashin taga. Saƙo ya biyo baya:

"Injiniya, ki yi haƙuri da shiruna. Dariyar shagon nan ta bi ni har gida, ba zan ɓoye miki ba, sai da na yi kwanaki kafin ta sake ni. Laifin ba naki ba ne, shi ya sa ban so in zo miki da ita a fuska ba. Wannan ɗakin kusa da falo ne a gidan da nake gyarawa. Na sa mai wayarin ya ja layi na daban saboda kwamfutarki, ya tambaye ni soket nawa, kuma a ina. Na ce ya dakata. Na daina yanke abin da ban tambaya ba."

Na karanta, na sake karantawa, rubutun ya fara rawa a idona. Gwaggo da ta leƙo ta kafaɗata ta sa na karanta mata da ƙarfi, ta saki kaina ta ce maza in rubuta masa ya yi kyau, Allah ya sa albarka. Na buɗe hoton na ƙara girmansa. Alamar allin guda ɗaya ce, kuma daidai inda rana take faɗowa.

Na rubuta: "Guda ɗaya ba zai isa ba, yallaɓai, a yi huɗu. Kuma ƙarƙashin tagar nan rana za ta dafa min inji. A mayar bangon hagu." Ban goge ko harafi ba, na tura. Gwaggo ta dafe ƙirji tana salati.

Amsar ba ta ɓata lokaci ba. "An gama, ranki ya daɗe. Sai dai mai wayarin ya riga ya ce gara ki zo ki nuna masa da kanki. Na roƙi Baba izini, ya ce ba inda za ki sai ya ji amsarki daga bakinki. Ina falonku tun ɗazu, a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ki taimaka, ƙafata ta fara mutuwa."

Kafin in gama karantawa na ji muryar Baba daga falo yana kiran Auta. Kaina rabi a tsefe, rabi a kitse, na jawo mayafin da hannuna ya fara kaiwa gare shi na rufa. Amsar tana bakina, na san ta sarai. Na ɗaga labulen. Mai Kemis ya ɗago kai, muka haɗa ido, ya yi sauri ya mayar ƙasa. Baba ya rage ƙarar rediyonsa, ya nuna min gefen Umma.

"Zauna," ya ce. "Muna sauraronki."